Hoton su Ngozi kawai ake nuna mana, wai me suka yi takamaimai?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah akwai maganar da ta tsaya min a rai tun jiya. Na je wani taron mata a wani hol nan garinmu, dubu biyar kuɗin shiga, wai taron zaburar da mata masu sana'a. Wallahi awa uku muna zaune, mai jawabin sai haska mana hoton Ngozi Okonjo-Iweala, tsohuwar ministar kuɗi, take a bango, ta cire ta sa Amina Mohammed ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta cire ta sa attajira Folorunso Alakija, kowacce sai tace kun ganta nan ita ma mace ce kamar ku, ki yarda da kanki, ki yi babban buri. Muka yi tafi, aka raba mana samosa da lemo muka watse. Ina cikin adaidaita nake tambayar kaina to yanzu ni me na ƙaru da shi? Ni dai malamar firamare ce, ina taɓa saida atamfa da leshi a gida shekara shida kenan, jarin bai mutu ba kuma bai girma ba, yana nan jiya i yau. Ga matan unguwarmu sun taso ni a gaba wai in fito kansila tunda ni nake rubuta musu takarda in za a kai kuka wajen ciyaman, kuma ni na yi ta sintiri har aka gyara mana bohol. Tambayata ita ce matan nan da ake ta nuna mana me suka yi takamaimai? Ba yarda da kai nake tambaya ba, wannan na ji ta ishe ni.

Meenal:
Hhhh Maman Iman an ci dubu biyar dinki kawai kiyi hakuri. Ni fa gaskiya labarin matan nan baya wani motsa ni. Ngozi marigayi babanta farfesa ne kuma yayi sarkin garinsu, mamanta ma farfesa, Harvard tayi ta wuce MIT. Alakija yar masu kudi ce tun tana yarinya aka kaita karatu Birtaniya. Amina Mohammed ma a can aka haife ta. Sai azo a ce min ni da nake fama da kudin rajista wai in zama kamar su, ta ina?

Anty Bilki Kwari:
Wa alaikumussalam. Meenal 'yata maganarki da gaskiya a ciki amma ba duka ba. 'Ya'yan masu kuɗi nawa kika sani da suka ƙare a kwance suna kallon fim? Gata yana buɗe ƙofa ne kawai. Ni bari in ɗauki Alakija tunda ita ce ta kasuwa. Matar nan sakatariya ta fara, ta yi shekaru a banki tana aikin takardu, da kanta take faɗa ba ta yi jami'a ba. Daga nan ta koyo ɗinki ta buɗe shago, matan manya suka zama kwastomominta har da marigayiya Maryam Babangida. A 1993 ta samu lasisin rijiyar mai a cikin teku wanda lokacin manyan kamfanoni ba su ma cika son irin wajen ba saboda zurfi da tsadar haƙa. Kin san yaushe aka fara ɗibar man a wajen, Agbami? 2008. Shekara sha biyar. A tsakani gwamnati ta zo ta ƙwace mata kaso mai yawa, ta tafi kotu aka yi ta bugawa sai 2012 kotun ƙoli ta ba ta gaskiya. To ni abin da na ɗauka a nan, na farko duk matar da ta shigo gidanki sayen atamfa kar ki kalle ta a matsayin ribar dubu biyu, ba ki san ƙofar da za ta buɗe miki ba. Na biyu takarda. Da ba ta adana takardun yarjejeniyarta ba me za ta kai kotu? Mu kuwa sai mu ba mutum kayan dubu ɗari uku da "ai 'yar uwa ce".

Meenal:
Anty ai kin fada da bakinki, matar shugaban kasa take wa dinki. Hanya ce kawai.

Anty Bilki Kwari:
Eh hanya ce, na yarda, kuma mutane da yawa har gobe suna ganin rabon rijiyoyin mai na zamanin soja ba adalci a ciki, ni ma ban ce akwai ba. Amma teloli nawa ne suka ɗinka wa matan manya kaya a Legas? Da yawa kuɗin ɗinkinsu kawai suka karɓa suka yi godiya.

Maman Iman:
Anty Bilki maganar takarda ta taɓa ni wallahi, ni ko littafi ba ni da shi, a ka nake riƙe komai.

Anty Bilki Kwari:
Innalillahi. Shekara shida a ka? To ga inda jarinki yake tafiya. Bari in gaya miki yadda na yi, ni shekara ashirin da wani abu ina harkar nan, da dillanci na fara gida gida kafin in samu shago. Shekaruna na farko kamar naki ne, ciniki ake yi sosai amma in na tashi zuwa sari sai kuɗi su ƙi cika. Wata tsohuwa da muke adashi tare, Allah ya jiƙanta, ko bihim ba ta iya rubutawa da boko ba, ita ta zaunar da ni tace Bilki gwangwani nawa gare ki? Nace wane irin gwangwani Hajiya? Tace na uwar kuɗi daban, na riba daban, na cefane daban, in kika haɗa su a ɗaya to cefane ne zai cinye sauran don shi kullum da yunwa yake tashi. Tun ranar na yanka wa kaina albashi. In wata ya yi na ɗauki abin da na yanka, in ya ƙare ya ƙare, ko bikin wa ake yi. Anko kuwa na daina bayarwa bashi ko ƙanwata ce, sai an tura kuɗi na ga alat sannan a yanka. An zage ni a dangi, ance na zama Bayahudiya, yau su ɗin dai ni suke zuwa wa in ta ɓaci. Yanzu kam abin ya zo da sauƙi, ki buɗe asusu daban na sana'a, ki yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kar kuɗin atamfa ya shiga inda albashinki yake shiga.

'Yar Zazzau:
Ina ta karantawa ina jira in ga wa zai ambaci Hajiya Gambo Sawaba ba wanda ya yi, har mai jawabin taku ma na tabbata ba ta sa hotonta ba. Meenal ke da kike cewa duk 'yan gata ne, ga wadda ba ta da gatan komai. An haife ta 1933, iyayenta suka rasu tana ƙarama, karatunta bai wuce 'yan azuzuwan firamare ba, aka yi mata aure tana shekara 13. Tana 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, lokacin da a Zariya shiga NEPU kamar ka sa hannu a wuta ne don 'yan doka da alkalan En'e ba sa wasa. Ana ba da labarin wani taro da maza suka yi tsit saboda tsoro ita ta hau mumbari ta yi magana. Har Abekuta ta je wajen Funmilayo Ransome-Kuti ta ga yadda suke haɗa kan matan kasuwa, ta dawo ta dinga shiga gida gida wajen matan kulle tana yi musu bayani, abin da namiji ba zai iya ba. A Kano aka kama ta da mata wajen ɗari biyu wai sun yi taro ba izini. Sau 16 ana ɗaure ta. An yi mata bulala, an aske mata kai, an yi mata dukan da aka bar ta ana zaton ta mutu. Mu a Zariya ba tatsuniya ba ce, akwai tsofaffin da suka gan ta da idonsu, asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ci.

Meenal:
Allah ya jikanta da rahama. Amma tsakani da Allah ita me ta samu? Naji ance bata bar wani abin duniya ba.

'Yar Zazzau:
Ba ta bari ba kam, gidanta kullum cike yake da marayu da marasa galihu, abin da ta samu nan yake tafiya. Amma ke katin zaɓen da yake cikin jakarki fa? Matan kudu tun kafin 'yancin kai suke jefa ƙuri'a, mu matan arewa a zaɓen ƙasa sai 1979. Maman Iman da ake cewa ta fito kansila, a 1960 ko layin zaɓe ba za a bar ta ta tsaya ba. Kuma abin da nake so Maman Iman ta lura, Gambo ba da takara ta fara ba, da shiga gidaje ta fara, shekara da shekaru.

Abu Fatima:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri in sa baki. Sana'a ba wanda ya hana, Nana Khadija Allah ya ƙara mata yarda attajira ce. Amma maganar shugabanci akwai hadisi ingantacce a Bukhari cewa mutanen da suka ɗora mace a kan al'amarinsu ba za su rabauta ba. 'Yar uwa ki tsaya a koyarwarki da kasuwancinki ya fi miki alheri, siyasar nan ko maza ba su fita da mutuncinsu ba.

Inno Sakkwato:
Malam hadisi gaskiya ne ba mu musu, amma malamai sun yi bayani nai, da yawa sun ce shugabanci babba aka nufi, kuma an yi saɓani ga abin da bai kai nan ba. Kansila wakilin unguwa ne hwa, mai bin maganar kwalbati da rijiya. Mu nan Sakkwato mun gadi abin da ya hi wannan. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, ita ta kahwa 'Yan Taru, ta zaɓi mata dattijai anka kira su jaji, ta aza musu malhwa ta naɗa musu jan rawani, suna tahiya ƙauye ƙauye suna koya ma mata karatu da waƙoƙin da ta rubuta, su komo mata da matsalolin matan can. Wannan in ba shugabanci ba ne mine ne? Kuma ɗan uwanta Sarkin Musulmi Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo ba su hana ta ba, shawara ma suka yi da ita. Ta rasu 1864 amma har yau akwai masu bin tsarin nan. Abin da ni gani ga Asma'u, ba ta ce komi sai ita ba, ta horar da wasu ta ba su alama ta sake su. Maman Iman in duk takardar unguwa ke ɗai ka rubuta ta, ranar da ba ki nan shi ke nan.

Abu Fatima:
Na ji bayaninki Hajiya, Allah ya saka. Ni dai a nemi izinin miji kuma a kiyaye cuɗanya.

Admin:
Jama'a dan Allah kar mu mayar da wajen nan zauren fatawa, mai son ƙarin bayani ya samu malaminsa. A ci gaba da abin da aka tambaya.

Kawu Bala:
Ni bari in yi maganar siyasar tunda na yi sakataren jam'iyya a mazaɓa shekara takwas kafin in tuba hhh. 'Yata Maman Iman ki buɗe kunnenki. Zaɓen kansila hukumar zaɓe ta jiha ke yi ba ta tarayya ba, kuma ko'ina a ƙasar nan jam'iyyar gwamna ce take lashe kusan komai, wannan ba sirri ba ne. Ma'ana zaɓen gaske ba ranar zaɓe ake yinsa ba, ranar da ake rubuta sunaye ake yi, kuma sunayen nan ƙarfe ɗayan dare ake rubuta su a falon wani. Matan unguwa da suke zuga ki ba ɗaya daga cikinsu da za ta kasance a falon nan. Abin da za a yi miki shi ne a ce Hajiya ki yi haƙuri wannan karon, ga shugabar mata mun ba ki. Shugabar mata kuwa aikinta a ba ta atamfa da taliya ta raba, ta tara mata su yi guɗa, in an ci a manta da ita. In da gaske kike ki yanki katin jam'iyya yanzu, ki dinga zuwa taron mazaɓa ko ba a gayyace ki ba, in za a raba muƙamai ki nemi sakatare ko ma'aji, wajen da takarda da kuɗi suke bi. Ki dubi Aishatu Binani a Adamawa, kafin ta nemi gwamna ta yi majalisar wakilai ta yi sanata, shekaru tana hidima da mutane, shi ya sa a fidda gwani na 2022 ta kayar da maza har da Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Bindow. Deliget ba sa zaɓen mutum don an tausaya masa.

Barista Ummu Sadiq:
Kawu ya faɗi gaskiya, kuma ƙarshen labarin Binanin ma darasi ne. Afrilun 2023 kwamishinan hukumar zaɓe ta ƙasa a jihar ya tashi ya sanar ta ci alhali ba a gama tattara sakamako ba kuma ba hurumin sa ba ne, hukumar zaɓe ta soke, aka ƙarasa aka ba gwamna Fintiri. Ni ina cikin masu son a ce mace ta zama gwamna a arewa amma ranar kunya na ji, don da ta tabbata ta wannan hanyar da har abada ana mana gori. Kafin ita Aisha Alhassan, Mama Taraba, Allah ya jiƙanta, a takarar gwamnan Taraba ta 2015 ta kai har kotun sauraron ƙarar zaɓe ta ba ta nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe, kotun ƙoli ta tabbatar wa abokin takararta Darius Ishaku. Har yau ba macen da aka zaɓa gwamna a Najeriya, wadda ta taɓa zama a Anambra wata uku ta yi, shi ma don an tsige Peter Obi ne kotu ta dawo da shi. Majalisar dattawa kujera 109, matan da suka shiga bayan zaɓen 2023 ba su wuce huɗu ba. A Maris 2022 'yan majalisa suka yi watsi da ƙudurorin mata a gyaran tsarin mulki, mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa. Na faɗi wannan ne don ki san girman dutsen, ba don ki fasa ba. Sannan abu mai muhimmanci, ke ma'aikaciyar gwamnati ce, mai neman kujerar zaɓe sai ya ajiye aiki kafin zaɓe, ki nemi dokar zaɓen ƙananan hukumomi ta jiharku ki karanta da idonki kafin ki saki albashi da fansho saboda guɗar matan unguwa.

Maman Iman:
Tab. Barista wallahi ban san da maganar ajiye aiki ba, shekarata sha ɗaya a aikin nan.

Barista Ummu Sadiq:
To kin gani. Ni wadda nake kallo a aikina Mai shari'a Aloma Mukhtar ce, lauya mace ta farko daga arewa, ita ce mace ta farko a kotun ƙoli, ta zama alkalin alkalan ƙasa a 2012. Ba ta da surutu, ba ki ganinta a biki ana mata liƙi. A shari'ar zaɓen 2007 tsakanin Buhari da 'Yar'aduwa alkalai bakwai ne, huɗu suka tabbatar da zaɓen, uku suka ce a soke, tana cikin ukun. Ki duba fa, shugaban ƙasa mai ci, kuma tana da sauran hawa a gabanta. Mata da yawa a ofis muna zaton sai mun yi ta murmushi muna bin kowa da "yallaɓai duk yadda ka ce" za mu hau. Ita fayil ɗinta kawai take karantawa fiye da kowa.

Nas Jamila:
Tawa gwanar Dora Akunyili ce, mu ma'aikatan lafiya mun san abin da ta yi. Amma ba harbin da aka yi mata a Disambar 2003 ne ya fi burge ni ba duk da harsashi ta ɗankwalinta ya bi, kuma ba rufe kasuwannin magani ba. Tun kafin ta shugabanci NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tana aiki a PTF, asusun rarar kuɗin mai, zamanin Buhari yana shugabanta, aka ba ta kuɗi ta je waje a yi mata aiki, likitocin can suka duba suka ce ba ta buƙatar aikin, matar nan ta dawo da ragowar kuɗin ta mayar. Wa zai tambaye ta? Ba kowa. Har Buhari ya rubuta mata takardar yabo, kuma ana cewa labarin nan na cikin abin da ya kai sunanta kunnen Obasanjo ya ba ta NAFDAC a 2001. Kuma ciwon yana jikinta, ƙanwarta mai ciwon suga jabun allurar insulin ce ta kashe ta a 1988. Ni shekaran jiya aka ba mu kuɗin wani bita na kwana biyar aka yi kwana uku aka tashi, kowa ya soke ragowar a jaka har da ni, yanzu da nake rubuta wannan ma kunya ta kama ni.

Meenal:
Anty Jamila ki turo min ragowar in tayaki tuba hhhh

Zara Damagaram:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku daga Damagaram. Mu nan Nijar abin da ya ɗan taimaka doka ce ta kota, wato ware wa mata kaso, da aka yi tun shekarar 2000, aka ce dole kowace jam'iyya ta sa mata cikin lis ɗinta, da farko kashi 10 ne na kujerun zaɓe, aka ƙara ya koma 15, a 2019 aka kai 25. Kafin juyin mulkin 2023 matan da ke majalisa a Yamai sun fi naku nesa ba kusa ba. Amma kar in ɓoye muku, wasu depite ɗin, wato 'yan majalisar, matan manya ne da ƙannensu aka cika lis da su, shekara biyar ba a ji muryarsu ba. Wasu kuma sun yi aiki sosai. Muna da Aishatu Mindaudu da ta riƙe ministar harkokin waje wajen shekara goma, daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura ta Kodebuwa ta shugabanci aikinta can, wannan ba kota ce ta kai ta ba, karatun shari'a ne ta yi mai zurfi. Kota tana ba ki kujera amma ba ta sa miki magana a baki. Shi ya sa ni ɗiyata ko me za a yi sai ta gama lakol.

Kawu Bala:
Hajiya Zara ko kotar ma mu a ba mu mana. Nan abin da ake yi wa mata shi ne a ce fom kyauta, a 2022 fom ɗin gwamna a APC miliyan 50 ne, mata kuɗin nuna sha'awa kawai suka biya. To fom ɗin ne matsala? Kuɗin deliget da motoci da fasta da 'yan jagaliya wa zai biya?

Malama Hadiza:
Ni ina so in koma kan Ngozi don Meenal ta wuce ta da sauri. Gaskiya ne 'yar gata ce, kuma ni ban manta Janairun 2012 ba da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, mun zage ta iya zagi, har yau akwai abin da ban yarda da ita ba. Amma akwai abu biyu. Lokacin da ta zo ministar kuɗi a 2003 ta fara buga wa jama'a a jarida nawa kowace jiha da ƙaramar hukuma ta karɓa duk wata, kafin nan ciyaman sai ya ce ba a turo ba kuma ba ka da ta cewa. Sannan bashin ƙungiyar Paris, wato ƙasashen da suka ba mu rance, ana bin mu wajen dala biliyan 30, a 2005 aka yafe biliyan 18 muka biya sauran. Ba da kuka ta samo ba, lissafi ta kai musu wanda ba su iya musawa ba don ta yi shekara ashirin da wani abu a Bankin Duniya ta san yadda suke tunani. Kuma kuɗin da aka samu sauƙinsu wa aka ba ta kula da kashe su a kan asibitoci da makarantu da ruwa? Amina Mohammed, 'yar Gombe, tana mai ba shugaban ƙasa shawara kan muradun ƙarni. Daga wannan aikin ne duniya ta san ta, har ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, da 'ya'yanta shida. Ita ma ba daga sama ta faɗo ba, a kamfanin zanen gine-gine ta yi shekaru tana bin aikin ginin makarantu da asibitoci. Abin da mai jawabinku ba ta faɗa muku ba shi ne kuɗin da ake biya. Disambar 2012 aka sace mahaifiyar Ngozi, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, kwana biyar tana hannunsu, ita Ngozin ta ce masu cin kuɗin tallafin mai ne suke so ta sauka. Wannan ba ya shiga hoton da ake haskawa a bango.

Meenal:
Toh ni dai na yarda da maganar lissafi da takarda, amma har yanzu ina nan akan bakana, wanda bashi da kowa sai yayi ninki goma. Kuma ba wanda ya fadi maganar miji, duk matan nan in da mazan su sun ce a'a fa?

Anty Bilki Kwari:
Wannan kam gaskiya ce Meenal. Ni maigidana shekara biyu yana hana ni zuwa kasuwa, yaro nake aikawa yana cuta ta. Ban yi faɗa ba, littafin nan na dinga ajiye masa yana gani, ranar da ya ga abin da yaron ya ci a wata shida da kansa ya kai ni ya nemo min shago wajen abokinsa. Ba kowace ce take dacewa ba dai, na san waɗanda aurensu ya mutu a kan haka, na san kuma waɗanda suka haƙura suka zauna da basirarsu a ɗaki.

Maman Iman:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, wallahi abin da na samu a nan ya fi na dubu biyar ɗina. Jiya da daddare bayan yara sun kwanta na ɗauko sabon littafi cikin na 'yan ajinmu na zauna ina tuno masu riƙe da kuɗina ina rubutawa, na duba tsofaffin saƙonni na haɗa. Jama'a dubu ɗari da tamanin da shida da ɗari biyar ne a waje, wani tun bikin ƙanwar maigidan bara waccan. Na kusa kuka. Maganar kansila na gaya wa Abban Iman, bai ce eh ba bai ce a'a ba, yace in fara zuwa in ji ta bakin Baba, kuma ni kaina maganar ajiye aikin nan ta sanyaya min jiki. Kawu zan dai je in yanki katin, kuma akwai yara biyu a unguwar da suka gama sakandare zan fara koya musu rubuta takardar koke kamar yadda Inno tace.

Kawu Bala:
In kin je yankar katin ki tafi da hotonki biyu, kuma ki tabbata an rubuta sunanki a rajistar mazaɓa a gabanki, kar ki yarda da "za a shigar daga baya".

Maman Iman:
To Kawu in sha Allah. Sannan dan Allah wadda ta karɓi leshi ruwan toka tun ƙaramar sallah tace in an yi albashi, tana cikin zauren nan kuma na ga tana karantawa, ba zan kama suna ba, lambar asusun dai ba ta canza ba.